Ranar da injin fotokwafi ya yi yaji

Ko zama ban yi ba Hajiya akanta ta tare ni a bakin ƙofa. "Kai ka taɓa saba ranar Asabar ko? To, takardun da nake sikanin ba sa shiga folda." A ofishinmu duk abin da ke da waya a jikinsa, daga fanka har butar shayi, in ya lalace ni ake nema.

Na dai ɗaga Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da sabar (babbar kwamfutar da ke ajiye mana fayiloli), daga 18.04 zuwa 20.04, kuma kowace kwamfuta tana buɗe foldar da muke rabawa ta Samba, manhajar raba fayiloli, lafiya ƙalau. Injin fotokwafi ne kaɗai ya yi yaji. Ka sa masa takarda, ya yi gurnani, ya haska ta, sannan ya ce bai ga hanya ba.

Na yi masa ping, wato sallama ta kan layi, ya amsa. Ƙofa ta 445, inda fayiloli ke bi su shiga sabar, a buɗe take. Na tambayi testparm, mai duba saitin Samba, ya ce smb.conf, fayil ɗin saitin, ba ta da aibu. Na sake shigar da kalmar sirri a ɗan allon injin, wanda sai ka danna da farce kana bismilla kafin harafi ɗaya ya fito. Da abin ya ishe ni, na waiga hagu da dama na buga chmod 777, wato na buɗe wa kowa foldar, abin da nake yi wa yara masu koyon aiki faɗa a kai. Shiru.

Oga ya leƙo. "Ko data ce ta ƙare?"

"Ranka ya daɗe, wannan cikin gida ne, ba ruwansa da intanet."

"A dai sa datar a gani."

Sai wajen azahar na ƙara wa Samba yawan bayanan da take rubutawa, na ga layi ɗaya: "No protocol supported". Ashe tun daga fitowa ta 4.11, wadda ta zo da sabon Ubuntu ɗin, Samba ta daina karɓar SMB1, tsohon yaren raba fayiloli, sai in ka buɗe mata da hannunka, shi kuwa tsohon injin nan bai iya wani yare ba sai shi. Ba don mugunta aka rufe ba: ta SMB1 ɗin Windows cutar kwamfuta WannaCry ta bi a 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila.

Na zayyana wa Oga, na ce mafita ita ce sabon inji. Da ya ji kuɗin sai ya gyara hula. "Ita WannaCry ɗin ta san adireshinmu ne?"

Na koma ina ƙunƙuni, na rubuta server min protocol = NT1, wato na buɗe wa SMB1 ƙofa, na sake tayar da smbd, injin Samba. Daidai lokacin Baba masinja, wanda tun safe yake cewa injin duka yake so, ya ɗaga hannu ya zabga masa mari a gefe. Takardar Hajiya ta faɗa folda.

Hajiya ta rangaɗa guɗa, Oga ya ba Baba na goro. Ni kuma aka ce in tsaya kusa da shi in ga daidai inda ake dukan.