Wai Littafi Mai Tsarki cewa ya yi mu ajiye hankalinmu a ƙofar majami'a?

Salama gareku 'yan'uwana matasa. Abu biyu suka faru a cikin wata ɗaya shi ya sa na kasa yin shiru, kuma dan Allah kar wanda ya ce da shi nake, da mu duka nake har da ni.

Na farko, wani ƙanenmu a zumuntar matasa, ɗalibi ne a Samaru, yaro mai kai wallahi, bayan an tashi sujada ya tare ni a gindin darbejiyar nan da muke ajiye babura ya miƙo min waya ya ce Yaya duba nan. Karin Magana 26, aya ta 4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, aya ta 5 kuma ta ce ka amsa masa. Ya ce toh wanne zan bi, ai ko littafin firamare ba zai yi irin wannan tufka da warwara ba. Yana faɗa yana dariya amma na ga idonsa, abin ya daɗe yana cin sa, wani ne a ɗakin kwanansu ya tura masa kuma ya rasa amsa.

Na biyu ya fi ɗaga min hankali. Wata 'yar'uwa mai ciwon suga ta daina yin allurarta, wai ta ji a wa'azi cewa hikimar duniyan nan wauta ce a wurin Allah, kuma ita yanzu ta karɓi warkarwa ta bangaskiya, abin da likita ya rubuta hikimar mutum ce. Ba a yi sati ba sai ga shi an kinkime ta a keke napep da tsakar dare, mamanta na riƙe da kanta tana kuka.

Kun ga dai kamar su biyun sun yi hannun riga, ɗaya ilimi ya sa yana neman ajiye Littafin, ɗaya Littafin ta ɗauka ta ajiye ilimi, amma ni a ganina ciwo ɗaya ke damunsu, kowa ya tsinko aya guda ya ruga da ita bai tsaya ya ga wa ke magana ba, da wa yake, kuma me ya kawo maganar.

Mu fara da ta wawan. Karin Magana 25:1 ta gaya mana mutanen Hezekiya sarkin Yahuza ne suka kwafo wannan ɓangaren, toh kana ganin marubutan fadar sarki ba su lura cewa sun jera ayoyin nan biyu kai da kai ba? Da gangan aka jera su. Karanta ƙarshen kowace aya ka ga dalili, ta farko ta ce don kada ka zama kamarsa, ta biyu ta ce don kada ya ɗauka shi mai hikima ne. Ai mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu wahala ba, kakarka da ta ce maka sannu ba ta hana zuwa ita ce dai za ta ce maka da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ka taɓa cewa tsohuwa ta rikice? Ka san kowace magana da ranarta. Yesu kansa a gaban Hirudus ko uffan bai ce ba duk da tambayoyin da aka jero masa, amma da aka zo masa da tarkon biyan haraji ga Kaisar nan take ya ce a kawo kuɗin a ga hoton wane ne a jiki. Wannan sanin lokacin shi ne hikimar da ake so ka koya, kuma mu da muke kwana muna musu da baƙi a Facebook mun fi kowa bukatar aya ta 4.

Sai ayar da 'yar'uwarmu ta riƙe, 1 Korantiyawa 3:19. Koranti birnin Girkawa ne na kasuwanci inda ake ji da masu iya zance, kuma ikkilisiyar ta dare gida-gida, wannan ya ce ni na Bulus ne, wancan na Afolos, wancan na Kefas, kowa yana taƙama da malaminsa kamar yadda muke yi yau da fastocin da muke bi a waya. Hikimar da Bulus ya ragargaza ita ce mai cewa ba yadda za a yi Allah ya ceci duniya ta wurin wanda aka rataye a kan gicciye, mutuwar da Romawa suka ware wa bayi da 'yan tawaye. Ba maganar magani yake ba, ba maganar lissafi ko aikin gona ba. Mutumin da ya rubuta ayar nan fa a gaban Gamaliyel, babban malamin Yahudawa, ya yi karatu, da ya tsaya a Atina mawaƙan Girkawa ya ɗauko ya kafa hujja da su, shi ya kira Luka ƙaunataccen likita, shi ya ce wa Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa da yawan laulayinsa, da aka so a yi masa rufa-rufa a shari'a ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaisar don ya san haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, har yana kurkuku yana aika wa Timoti a taho masa da littattafansa. Wannan ne zai ce ki jefar da allura?

Na san za a kawo min sarki Asa, 2 Tarihi 16:12, wanda ya yi ciwon ƙafa ya nemi masu magani bai nemi Ubangiji ba. Toh karanta surar daga farko mana, mutumin nan tun kafin ciwon ya riga ya kwashe azurfa da zinariya na haikali ya sayi taimakon sarkin Suriya, annabi ya tsawata masa ya jefa annabin a kurkuku, wato zuciyar ta riga ta juya, ciwon ƙafa tona ta kawai ya yi. Hezekiya kuma ya yi kuka ya yi addu'a Allah ya ƙara masa shekara 15, amma duk da haka Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne Ezra da Nehemiya, kuma ban cika jin ana wa'azinsu tare ba. Sarki ɗaya suka yi wa aiki, Artashate na Farisa, gari ɗaya suka nufa, Urushalima, hanya mai 'yan fashi, tsakaninsu shekara 13. Ezra ya ce kunya ta hana shi roƙon sojoji don ya riga ya gaya wa sarki cewa hannun Allah na tare da masu nemansa, sai ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa suka yi azumi suka kama hanya. Nehemiya kuwa ya karɓi wasiƙun sarki ya tafi da hafsoshi da mahaya dawakai, kuma shi ma ya ce hannun Allah ne a kansa. Littafin bai zagi ko ɗaya ba. Ko shi Ezran da ya ƙi soja sai da ya auna azurfa da zinariyar ya damƙa wa mutum 12 daga cikin manyan firistoci, da aka isa aka sake aunawa aka rubuta, ka ga bangaskiya ba ta hana shi riƙe lissafi ba (ma'ajin zumunta, ka ji ko). Shi ya sa nake jin haushi in na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa ba ka da bangaskiya don kawai ya ƙi hawa mota da daddare a hanyar da kowa ya san halinta.

Mu 'yan Zariya ma bai kamata a yi mana wannan ruɗun ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, wanda ya ja ragamar fassararsa likita ne, Walter Miller. Da mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa a 1929, majami'a da makaranta da asibiti aka kafa, kuma daga cikin yaran mishan ɗin nan Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa. Iyayenmu ba su ga wani faɗa tsakanin allura da addu'a ba, mu ne muka zo da sabon salo.

Amma kada na yi muku ƙarya, akwai inda hikimar mutum da koyarwar Allah suke karo da gaske, kuma abin mamaki nan ne ba ma son a taɓa. Duniya ta ce wanda ya yi maka kan kara ka yi masa na itace, Yesu a Matiyu 5 ya ce ka ƙaunaci magabcinka ka yi wa mai tsananta maka addu'a. Mu da muka ga rikici da idonmu a garin nan mun san wannan ba maganar fatar baki ba ce, ni kaina akwai wanda har yau in na hango shi a kasuwar Sabon Gari sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, ina dai roƙon Allah a kai ban gama ba. Duniya ta ce kowa na shiga da satar amsa in ka ƙi kai ka sani, kowa na ba da na goro kafin a sa hannu a takarda, mai gaskiya shi ke kwana da yunwa. A nan ba aya ce ta saɓa wa aya ba, son ranka ne ya saɓa wa aya, kuma sau da yawa na lura mai neman tufka da warwara a Littafin ba Karin Magana 26 ce ta dame shi ba, Matiyu 5 ce ta tsaya masa a wuya. Yakubu 3 ya ba mu ma'auni mai sauƙi, hikimar da ta zo da kishi da son kai ta ƙasa ce ko da an yi mata ado da ayoyi, wadda ta sauko daga sama kuwa tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, cike da jinƙai, ba ta da munafunci. Ka ɗora shawarar abokinka a kai, ka ɗora ta malamin jami'a, ka ɗora ta mai wa'azin da ke cewa ka aiko da kuɗin iri kafin ka ga mu'ujiza.

Shi ƙanen namu na ce ya je ya karanta surar gaba ɗaya a Littafi na takarda ba hoton da aka tura masa ba, ya dawo da wasu tambayoyi uku waɗanda suka fi na farko zafi, ɗaya a kan Ayuba ce kuma sai da na ce mu je wurin Baba Rabaran tare, ban ji kunyar hakan ba ko kaɗan. Ranar Laraba a nazarin Littafi za mu ɗauko ta, duk mai irin tambayar nan ya zo da ita, ba wanda zai ce maka ka yi ridda. Ita kuma 'yar'uwar an sallame ta, ta koma kan allurarta, zumuntar mata sun haɗa abin da ya sawwaƙa na kuɗin asibiti amma da saura, mai niyya ya ga ma'aji ranar Lahadi bayan sujada.