Wa Ya Faɗa, Kuma Wa Aka Faɗa Wa?

Tsakanin 1936 da 1938, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin ƙasar ta ɗauki marubutan da suka rasa aikin yi, ta tura su zantawa da tsofaffin da aka haifa cikin bauta. An tara labarai sama da 2,300. A cikin waɗanda aka zanta da su akwai wata tsohuwa a birnin Charleston, Susan Hamlin, wadda aka je wa sau biyu. Da wata Baturiya ta zo, tsohuwar ta yi ta yabon ubangidanta na da, ga alama ma ta zaci matar daga ofishin tallafi take. Da wani baƙar fata ya zo, sai ga labarin bulala, da yadda ake ƙwace ɗa daga hannun uwarsa a sayar.

Da ni ke koyar da tarihi, takardun waɗannan hirarraki biyu zan ajiye wa ɗalibai a ranar farko, in ja bakina in yi shiru.

Masu kiran a koyar da tarihin yanki da tsoffin wasiƙu, takardun shari'a, hotuna da bakin dattawa suna da gaskiya. Littafin aji yakan dunƙule ƙasa guda a shafuka kaɗan, kuma mafi yawan garuruwa ko sunansu ba ya fitowa. Yaro ya haddace sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma bai san dalilin da ya sa kakanninsa suka taso daga wani wuri suka zauna inda yake ba. A 1966 ɗaliban wata makarantar sakandare a jihar Jojiya ta Amurka suka fara shiga ƙauyukan tsaunukan Appalachia suna tambayar tsofaffi yadda ake gina gida da itace da sauran sana'o'in hannu. Mujallar da suka kafa, Foxfire, daga baya ta haifar da littattafan da aka sayar da miliyoyinsu.

Inda na saba da wasu masu wannan kira shi ne yadda suke ɗaukar duk abin da ya fito daga bakin tsoho kamar yankan wuƙa. Tsoho yana mantuwa, yana kare mutuncin gidansu, yana kuma auna wanda ke zaune gabansa kafin ya buɗe baki. Yawancin tsofaffin da aka zanta da su a Amurka yara ne ƙanana lokacin da aka soke bauta a 1865, sun yi magana ne bayan shekara 70. Takarda ma haka take. Rahoton jami'in haraji an rubuta shi ne don maigidansa ya gamsu, kuma jerin sarautar da aka rubuta a fada da wuya ya faɗi alherin wanda aka tuɓe. Malamin da ya kawo irin wannan ya ce a haddace, canza wa hadda riga kawai ya yi.

Aikin da ya dace da ɗalibi shi ne ya kawo labarin kakarsa, ya jera shi da abin da wata takarda ta zamanin ta ce, ya nemo inda suka yi karo, sannan ya yi bayanin dalili. Wa ya faɗa? Yaushe? Me yake tsoro, me yake nema? Wannan horo yana bin yaro har cikin wayarsa, inda kullum ake turo masa tsohon hoto da sabon labari.

Akwai wahala, ba a musu. Hira ɗaya tana cin makonni kafin a ɗauke ta, a rubuta, a tantance. Sai an nemi izinin mai labari, domin tonon tarihin gari kan taɓo bauta, rikicin gona da asalin da wasu iyalai ba sa so a ambata. Kuma muddin jarrabawa shekara da sunan sarki kawai take tambaya, malami zai bi inda maki yake. Hukumomin jarrabawa su fara sa ɗan guntun takarda a gaban ɗalibi, su ba shi maki a kan yadda ya warware ta.