Yadda Git ya tona mini asiri gaban Oga

Oga ya dawo daga wani taro a Abuja da sabon ra'ayi, kun dai san shi idan ya dawo daga taro. Wai daga yau an daina ajiye manhajar sakamakon jarrabawa da muke sayar wa makarantu a filash. Duk tsofaffin kwafi a kwashe a zuba a Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayil, a tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin wannan aiki. Wa aka ɗora wa? Ni, tunda na fi kowa daɗewa a ofishin nan namu na Ahmadu Bello Way.

Foldoji ne jibge tun na 2016: "ƙarshe", "ƙarshe2", "ƙarshe_na_gaskiya", "kada_a_taɓa". Kuma wallahi na yi aiki mai kyau. Na jera su bisa kwanan wata, in zuba mafi tsufa in adana, in ɗora na gaba a kai in sake adanawa. Git yana bari ka sa wa kowace ajiya tsohon kwanan watanta, don haka tarihin ya fito tsaf. GitHub ya ƙi karɓar bidiyon walimar ofis saboda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce MB 100, na cire shi. Sauran kuwa Kofa ne, ɗan bautar ƙasar da ke ofishinmu, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya, me za ka tsaya zaɓe ɗaya-ɗaya? Buga git add ka sa ɗigo, zai kwashe komai." Ya kuwa kwashe komai.

Ranar Litinin aka kunna majigi a ɗakin taro. Sanyin Jos ya sa kowa ya ƙudundune cikin suwaita, ni kaɗai na sa sabuwar shadda, don ranar nuna bajinta ce. Na fara da ɗan tarihi, cewa Linus Torvalds ne ya ƙirƙiri Git a 2005 don aikin Linux, Microsoft kuma ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. Oga yana ta gyaɗa kai. Sai ya ga ajiyar farko tana nuna 1 ga Janairu 1980, saboda tsohon zif ɗin da na buɗe, wato ƙunshin fayiloli da aka matse, ya zo ba kwanan wata na kirki, shi kuma zif lissafinsa daga 1980 yake farawa. Ya ce, "Ashe tun zamanin Shagari kake mana aiki, ba mu sani ba?" Aka yi dariya, ni ma na taya su. Da a nan aka tsaya da na gode Allah.

Sai Kofa ya ɗaga hannu. Ɗaga hannu fa, a ofishin da mu shida ne. Ya ce, "Oga, mene ne wancan sabon_rubutu.txt da ya yi ta canzawa kowace shekara?"

Takardar neman aiki ce. Tawa. Ina rubuta ta a ɓoye a cikin foldar aiki, kowane kwafi kuma ya tafi da irin tasa. Shi Git aikinsa ke nan: layin da aka goge ya nuna da ja, wanda aka ƙara da kore. Oga ya karɓi linzami daga hannuna, a hankali, ya gyara tabarau, ya fara karantawa da ƙarfi. Na 2017: "Ina neman wurin da zan ƙara ƙwarewa." Ya ce madalla. Ya danna na gaba. Layin ya koma ja, kore ya fito: "Albashin da nake karɓa ba ya kai ni tsakiyar wata." Hajiya akanta ta ce "Uhm," ta gyara mayafi. Na 2019 kuwa, ina kallon yatsansa yana sauka, ina addu'ar a ɗauke wuta. Wutar da kullum sai an ɗauke ta ana tsakiyar aiki, ran nan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kore shar, faɗin bango: "Shugabana mutum ne da bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba."

Ya karanta. Ya sake karantawa, yana rarrabe kalmomin. Ya juyo ya ce, "Wane shugaban?" Na ce, "Ranka ya daɗe, misali ne." Ya ce, "Misalin wa?" Gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf, a Jos, a watan Disamba. Hajiya ta ce, "Haba Alhaji, yaro ne," wanda ya fi zagin ciwo, don 'ya'yana uku. Abin da ya fi ƙona mini rai, a gefen layin ga sunana, ga imel ɗina, ga kwanan watan da ni da hannuna na zauna na saita.

Na ce bari in goge. Kofa ya ce, "Ai Yaya ko ka goge yana nan a tarihi, sai dai a sake rubuta tarihin gaba ɗaya. Ni ma na riga na sauke kwafi a kwamfutata."

Wannan yaron fa, ranar da ya zo ko masauki ba shi da shi, ni na kai shi Anguwan Rogo wajen ƙanin matata. Ni na nuna masa mai shayin da ke sa madara da yawa. Cajata tana hannunsa tun bayan Sallah, kullum "gobe, Yaya". Ya ci mini tsire a Terminus ya ce bai zo da kuɗi ba, alhali ina jin ƙarar alat ɗin alawus a wayarsa. Kuma wai shi ne Oga ya ce ya koya mini yadda ake rubuta .gitignore, fayil ɗin da ake jera abin da ba a so Git ya ɗauka. Ya ja kujera ya zauna kusa da ni yana cewa "ka gane, Yaya?" kamar malamin allo da sabon almajiri.

Oga dai bai kore ni ba. Sai dai yanzu duk sanda zai kunna kwamfuta sai ya ƙwala mini kira, wai in zo in duba masa ko talabijin ce. Kofa kuma wa'adinsa sai Yuni, cajar ma ya ce waya ɗaya a ciki ta tsinke.