Ɗan talaka ba shi da kawu a Abuja

Jiya da yamma na raka ƙanena wani shagon buga takardu a wajen Wunti a garin Bauchi, zai haɗa CV. Yaron shagon ko tambayarsa abin da ya iya bai yi ba. Ya buɗe wata tsohuwar takarda a kwamfuta, ya goge sunan mai ita ya sa na ƙanena, ya canza shekarar gama makaranta, ya ce a kawo ɗari biyar. Da na leƙa sai na ga lambar wayar mutumin farko tana nan daram a ƙasa. Wato da an kira shi intabiyu, wani bawan Allah ne can zai ɗaga.

Shekara biyar ƙanen nawa ya yi yana karatun injiniya, ban da wata takwas da yajin aikin ASUU ya cinye a 2022. A duk tsawon lokacin ba a samu mutum ɗaya da ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake neman aiki ba.

Na san me za ku ce: ai aikin ne babu. Gaskiya ne, ya yi kaɗan. Masana'antun da iyayenmu suka sani a Bauchi, irin su Steyr, sun daɗe da yin sanyi, ga ATBU da Poli da jami'ar Gadau, ga ta Gombe da ta Kashere, kowace shekara suna yaye dubbai. To amma ɗan abin da ake da shi, wa ke samu? Ɗan wane yana da kawun da zai gaya masa an buɗe shafin ɗaukar aiki tun kafin labari ya fita, ya duba masa takardu, har ya ce masa ga irin rigar da zai sa. Ɗan mai sayar da tumatir a Muda Lawal fa? Ni a ganina makarantar da ta karɓi kuɗin ubansa ita ya kamata ta zame masa kawun.

Kuma ba abu ne mai tsada ba. Ofis ɗaya, mutum biyu ko uku masu himma, da rajistar tsofaffin ɗalibai: wane yana kamfanin siminti na Ashaka, wance tana banki, wane yana wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. A riƙa gayyato su suna magana da 'yan ajin ƙarshe. A yi wa yara gwajin intabiyu, su yi in-inarsu a gida tukuna kafin su je gaban baƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu kafin su gama karatu. Wata shida cur, damar da ɗalibi ke da ita ta sa ƙafa a wajen aiki a san fuskarsa. Ƙanena a wani ofis ya yi nasa, aikinsa sayo wa oga tuwo da rana. Ranar Juma'a ya cika littafin rahoto da abin da bai yi ba, a buga masa hatimi. Malamin da ke duba su sau ɗaya ya zo, ko zama bai yi ba.

Sai a ce ai akwai koyar da sana'a a sansanin bautar ƙasa. Duk wanda ya yi sati ukun nan a Wailo ya san yadda ake gyangyaɗi a ƙarƙashin rumfa bayan faretin asuba. Haɗa sabulu sana'a ce, ban raina ta ba wallahi, amma ba don ita aka karanta injiniya ba. Ana karɓar alawus na dubu 77 a wata, ranar da ya tsaya kuma a dawo ɗakin soro.

Daren jiya dai ni da shi muka zauna muka sake rubuta takardar tun daga farko. Ashe ya iya haɗa sola, gida huɗu ya yi wa a unguwarmu, bai taɓa zaton abin sawa a CV ba ne.