Yaranmu a Amurka da tunanin JAMB da aka zo da shi daga gida

Da yawa daga cikin iyayen da suka yi sakandare a Najeriya ko Nijar sannan rayuwa ta kawo su Amurka, akwai wani tunani da suka ɗauko daga gida wanda yake cutar da yaransu ba su ankara ba. Tunanin shi ne wai shiga jami'a magana ce ta jarrabawa kawai, yaro ya zauna a ɗaki ya haddace littafi ya ci maki, shikenan. Ina zaune a Bronx cikin birnin New York inda Hausawan Nijar da na zangon Ghana da namu na Najeriya suke da yawa, kuma kusan duk lokacin da aka fito daga masallaci aka taɓa maganar karatun yara sai ka ji wannan tunanin yana fitowa daga bakin mutanen kirki masu son 'ya'yansu, shi ya sa na ga gara in rubuta.

A gida kowa ya san hanyar. Ka kai SS3, ka zauna WAEC ko NECO ka nemo kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ka sayi fom na JAMB, darasi huɗu, maki 400, awa biyu a gaban kwamfuta, in ka haye sai post-UTME sai kuma jiran suna. Babu mai tambayarka me ka yi a SS1, babu ruwan kowa ko kai ne shugaban masu muhawara na makarantarku ko kai ne ka ɗauko kofi a musabaƙa. Rana ɗaya ce take yanke hukunci, in zazzaɓi ya kama ka ranar ko kwamfutar santa ta ɗauke to sai baɗi. Mun ga abin da ya faru a 2025, yara kusan miliyan biyu suka zauna JAMB, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, daga baya hukumar da kanta ta fito ta ce an samu tangarɗar na'ura aka sa kusan yara dubu 380 suka sake zama.

A nan kuwa sakandare aji huɗu ce, daga aji 9 zuwa 12, kuma tun zangon farko na aji 9 an fara rubutawa. Duk makin da yaro ya ci ana tara shi cikin GPA, wato matsakaicin makinsa na duk darussa, kuma ba makin kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko ya zaɓi darussa masu nauyi irin su AP, waɗanda matakin jami'a ne ake koyarwa a sakandare, ko ya lallaɓa ya ɗauki masu sauƙi don ya huta. SAT, jarrabawar shiga jami'a ta nan, tana nan, maki 1600 ne ƙarshenta, amma ita ɗaya ce daga cikin abubuwa da yawa, jami'o'in gwamnati na University of California ma sun daina kallonta kwata-kwata, yayin da MIT ta dawo da ita a 2022, Harvard da Yale suka bi a 2024. Fom ɗin da yawancin jami'o'i suke amfani da shi, Common App, ana buɗe shi ranar 1 ga Agusta, masu neman gurbi da wuri galibi 1 ga Nuwamba suke rufewa, ma'ana yaro yana shiga aji 12 da wata biyu an riga an karɓi takardunsa. To uban da yake jira sai shekarar ƙarshe sannan ya ce yanzu za a dage, me ya rage a dage a kai? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da harshe domin nan ne abin ya fi ba ni takaici. A jihar New York shekara ɗaya ta harshen waje ta isa yaro ya samu shaidar gama sakandare, sai yaranmu su yi Sifaniyanci na shekara ɗaya su ajiye, iyaye kuma su ce ai gara, ya mai da hankali kan kimiyya tunda likita zai zama. Alhali manyan jami'o'i suna son ganin shekara uku ko huɗu a harshe guda, Harvard ta rubuta ƙarara cewa huɗu take ba da shawara, a University of California kuwa biyu dole uku ya fi. Kuma a unguwa irin tamu da rabin maƙwabta 'yan Dominika ne da Puerto Rico, likita ko nas da ke jin Sifaniyanci ai shi ake nema a kowane asibiti, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Abin da ya fi wannan shi ne harsunan da yaran suke da su a cikin gida. Yarinyar da iyayenta 'yan Maraɗi ne ko Damagaram tana jin Hausa, tana jin Faransanci daga bakin uba, tana karanta Larabci a Islamiyya, ga Turanci, amma in ka tambaye ta harshe nawa take ji sai ta ce ɗaya, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa sauran ma abin lissafawa ne. Akwai wani hatimi da ake bugawa a shaidar gama sakandare na wanda ya iya harshe biyu, suna kiransa Seal of Biliteracy, California ce ta fara shi a 2011 yanzu ya karaɗe ƙasar, kuma a New York ba a ce sai harshen Turawa ba, harshen gida ma yana shiga in makarantar tana cikin shirin. Sai dai fa ba jin magana kaɗai ba ne, sai yaro ya iya karantawa ya rubuta ya tsaya gaban malamai ya gabatar da aiki. Nan ne ake samun matsala, domin gidaje da yawa uwa tana yin Hausa yaro yana amsawa da Turanci an bar shi a haka, har ana alfahari wai bakinsa ya juye. Wallahi wannan asara ce, kuma ba asarar hatimi kaɗai ba, yaron da in aka miƙa masa waya ba zai iya gaida kakarsa ya wuce "lafiya lau" ba an rage masa wani abu babba.

In na juya gida kuma sai in ga mu ma haka muke yi wa Faransanci. Tun 1996 Abacha ya ce shi ne harshen hukuma na biyu, akwai ƙauyen koyon Faransanci a Badagry, maƙwabtanmu huɗu Nijar da Benin da Chadi da Kamaru duk da shi ake aiki, daga Katsina ka bi ta Jibiya ka shiga Maraɗi ba wata tafiya ba ce, amma yaro yana gama JSS3 ya yar da shi saboda JAMB ba za ta tambaye shi ba in dai kimiyya zai yi. Hausa kuwa a makarantun kuɗi har tara ake ci in ka yi ta a aji. Duk abin da jarrabawa ba ta aunawa mun ɗauke shi ɓata lokaci, wannan ɗabi'ar ce ta biyo mutane har nan.

Sai maganar abin da yaro yake yi bayan an tashi daga aji. A cikin Common App akwai gurbi goma da aka ware don wannan, kowanne da ɗan wurin bayani na haruffa 150, sannan a rubuta awa nawa a sati, sati nawa a shekara, tun daga wane aji. Na zauna da 'yar wani maƙwabcina muna cike wannan wurin, yarinya mai ƙoƙari, makinta ba abin da za a ce, ta tsaya tana kallon allon kwamfuta ta ce "Kawu ni fa ba ni da abin da zan sa, Baba bai taɓa bari na shiga kulob ba." Na ce to bayan makaranta me kike yi. Ta ce tana ɗauko ƙannenta biyu daga firamare, ta dafa musu abinci ta duba musu aikin gida har mamansu ta dawo daga aiki da daddare, Asabar da Lahadi tana biya wa ƙananan yara karatu a Islamiyya, ta haddace izu ashirin, kuma duk ranar da wata tsohuwa a benensu za ta asibiti ita ce take raka ta tana yi mata tafinta. Duk wannan a wurinta ba komai ba ne, aikin gida ne kawai. Alhali fom ɗin da kansa yana da rukunin ɗawainiyar iyali, yana da na addini, yana da na aikin albashi, kuma masu karanta takardun sun san bambancin yaron da ya rubuta sunan kulob bakwai da bai yi komai a cikinsu ba da yarinyar da ta riƙe gida shekara uku.

Don haka ba cewa nake a saki yara su yi ta yawo ba. Na san tsoron iyaye kuma tsoro ne na gaskiya, musamman a kan 'ya'ya mata, lokacin sanyi ƙarfe biyar ba ta yi duhu ya rufe, ga jirgin ƙasa ga abokan banza ga tarbiyyar da kake ta fama ka gina. Amma maganin tsoro shi ne ka je makarantar da ƙafarka, ka ga malamin da ke kula da kulob ɗin, ka san ƙarfe nawa ake tashi, ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da yaron yake so da gaske, muhawara ce ko haɗa mutum-mutumi ko jaridar makaranta ko gudu, ka bar shi ya daɗe a ciki har ya zama shi ne babba. Akwai shirin College Now da CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, take ba 'yan sakandaren birnin darasin jami'a kyauta, akwai aikin bazara na matasa da birnin yake biya tun daga shekara 14, duk iyayenmu da yawa ba su san da su ba saboda takardar tana zuwa a jakar yaro babu mai buɗewa. Kuma kowace makaranta tana da malamar ba da shawara, ita ce za ta rubuta wa yaronka wasiƙar shaida, yara ɗaruruwa ne a hannunta, in ba ta taɓa ganin fuskarka ba kuma yaron bai taɓa shiga ofishinta ba me kake so ta rubuta?

Yanzu kar wani ya ce na zo Amurka na raina gida. Tsarin nan yana da nasa zaluncin kuma ina ganinsa da idona. Ɗan mai kuɗi ana ɗaukar masa mai shirya takardu na musamman, ana biya masa sansanin bazara, ana gyara masa rubutun kalma 650 da Common App take nema yaro ya yi a kan kansa har ya yi ƙyalli, ɗan direban tasi kuwa shi da wayarsa ne. A 2019 an kama attajirai da 'yan fim da suka ba da cin hanci aka nuna 'ya'yansu a matsayin 'yan wasa alhali ba su taɓa yin wasan ba. In a nan inda ake bincike aka yi haka, ka ƙaddara a ce gobe jami'o'in Najeriya za su fara ba da gurbi da wasiƙar firinsifal da satifiket na kulob, ai kafin wata guda an buɗe kasuwar satifiket, ɗan talakan da JAMB take ba shi dama ya doke ɗan kwamishina da maki shi ma an rufe masa ƙofa. Duk da matsalolinta JAMB lamba ce da kowa yake gani, ni ban goyi bayan a yar da ita ba.

Abin da nake so a ɗauka daga nan shi ne fara shiri da wuri da kuma mutumin da zai zauna da yaro. A gida wa yake zaɓa wa yaro kwas? Sau da yawa mai shagon kwamfuta ne ko ma'aikacin santa, layi ya yi tsawo, rana ta take, ya ɗaga kai ya ce me za a sa maka, yaron ya ce medisin saboda haka aka ce masa a gida, a danna a wuce, wani ma haɗin darussan nasa bai dace da kwas ɗin ba sai bayan sakamako ya fito zai sani, shekara ta tafi. Da a ce tun JSS3 lokacin da ake raba 'yan kimiyya da 'yan adabi akwai malami ɗaya da aikinsa kenan, ya san wane kwas ke buƙatar wane darasi, ya san makin da ABU ko BUK suka saba tsayawa, ya san akwai IJMB da foliteknik, da an rage wannan asarar sosai kuma ba wani kuɗi zai ci ba. Kuma kulob ɗin da muka taso muka gani, JETS na 'yan kimiyya da fasaha da 'yan jarida da muhawara da MSS da sikawut da wasannin gidaje, su ne suka koya wa da yawa daga cikinmu tsayawa gaban jama'a mu yi magana, yanzu a makarantu da yawa lesin ya cinye lokacinsu, yaro daga aji sai lesin daga lesin sai lesin. Ko jami'a ba ta tambaya ba, ranar neman sikolashif na waje ko ranar intabiyu na aiki za a tambaya.

Mu na nan kuma akwai aikin da yake wuyanmu a matsayin al'umma. Malaman Islamiyyunmu su fara ajiye rajista, wane yaro ne yake koyarwa, tun yaushe, awa nawa, wa ya shiga musabaƙa ya zo na nawa, domin in lokaci ya yi su iya ba da takarda mai kan wasiƙa da sa hannu da lambar waya. Yaranmu da suka riga suka shiga jami'o'in nan irin su Lehman ko City College ko SUNY ta jihar New York a ba su rana ɗaya a masallaci cikin watan Agusta su zauna da 'yan aji 8 da 9 da iyayensu, da Hausa, a bi fom ɗin layi-layi har da FAFSA na neman tallafin kuɗi wanda iyaye da yawa suke gudu saboda ana tambayar takardun haraji. Sannan a ware ko awa ɗaya ce ranar Asabar a koya musu rubuta Hausa da karanta ta, muna da tsofaffin malaman makaranta a cikinmu da suke tuƙa tasi ko gadi waɗanda za su yi wannan da murna in aka nema.