Hazon Monet da hazon gida

Shekarata shida a Landan, amma hazon da ake ba garin nan suna da shi ban taɓa ganinsa ba sai rataye a bango. A ƙarshen 2024 gidan zane-zane na Courtauld ya tattaro zanen kogin Thames da Bafaranshen nan Claude Monet ya yi, na je kallo. Ina tsayawa gaban zanen Gadar Waterloo sai Kano ta faɗo mini a rai: safiyar Janairu, ka nemi Dutsen Dala ka rasa, rana ta fito kamar faranti har ka iya ƙura mata ido.

Sau uku Monet ya zo tsakanin 1899 da 1901, yana sauka a otal ɗin Savoy. Zane da yawa yake jerawa a lokaci guda, haske na juyawa sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Iskar da ke tsakaninsa da gadar ita ta dame shi, gadar kanta oho. Ka matsa kusa, ba komai sai dabbare-dabbaren fenti, shuɗi a kan ruwan hoda, ɗan ja inda rana ta taɓa ruwa. Ka ja baya taku huɗu, sai ga gada, ga hayaƙin masana'antu a bayanta.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Hazonsa danshin kogi ne gauraye da hayaƙin kwal, yana yawo, yana sake launi kafin shayinka ya huce. Namu busasshiyar ƙura ce, galibi daga kwarin Bodele a Chadi. In ta sauka sai ta yi kwanaki, ta shafe gari da launi guda, ta bar ka da kaushi da fasasshen leɓe. Da Monet ya hau Dala a hunturu, ina ganin da ya fi jigata, don hasken hazonmu ko inuwar kirki ba ya yi.

Kyan nan kuma guba ne. A Disambar 1952 irin wannan hayaƙi ya kashe dubban mutane a Landan, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Shi ya sa ban tarar da shi ba. Namu kuwa babu majalisar da za ta hana shi zuwa.

Ina fitowa na kira Hajiya.

"Hajiya, don Allah ki leƙa waje, wane launi sama take?"

"Launin me? Tari ya hana ni barci, kai kana zancen launi."