Binciken wayarsa ba ya kwantar da kishi, ƙara masa wuta yake yi

Kishi kumallon mata ne, kuma ban zo yin musu a kan haka ba. Macen da ta ga wata na raɓar wanda take so amma gabanta bai faɗi ba, a binciki son nata. Damuwata ita ce abin da muke aikatawa cikin rabin awar farko bayan kumallon ya motsa.

Tun 1989 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Pfeiffer da Wong, suka raba kishi gida uku. Akwai na zuciya, wato zafin da kike ji. Akwai na tunani, zargin da ke kai da komo a kanki. Sai na aiki: bincike, bibiya, titsiye. Na farko ba ki da iko da shi, kuma shi kaɗai ba ya rusa zama. Biyun ƙarshe su ne masu ɓarna.

Ɗauki binciken waya. Ƙarfe ɗaya na dare, yana barci, kin zaro wayar, kin rage hasken allo, kin shiga WhatsApp hannunki na rawa. In ba ki ga komai ba, za ki samu sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, sannan zuciya ta raya miki cewa gogewa ya yi. In kuma kin ga "na gode da jiya" daga lambar da babu suna, kin samu rabin labari, sauran rabin ke za ki ƙirƙiro shi, kuma mafi muni za ki zaɓa. Ko ta ina, ƙwaƙwalwa ta koyi cewa sauƙi yana cikin dubawa, sai ta riƙa nemansa kamar susar ƙaiƙayi. Wani bincike da aka yi kan ɗalibai a Kanada a 2009 ya gano irin wannan zagaye a Facebook: yawan leƙen shafin masoyi na kawo kishi, kishin kuma na kawo ƙarin leƙe.

Shi kuma gogan, da safe ya ga an buɗe saƙon da bai karanta ba. Sai ya canza lambar sirri, ya fara goge har hirar da babu komai a ciki don gudun fitina. Ke kuma ki ce ai ga shi nan, yana ɓoye wani abu. Da hannunki kika ƙera hujjar.

A 1988 wani masanin halayyar ɗan Adam, David Buss, ya lissafa dabaru 19 da mutane ke bi don riƙe masoyi, daga sa ido har zuwa duka. Daga baya masana suka kasa su biyu: masu ƙara wa zaman daɗi, kamar kulawa, yabo, kyauta da ado, da masu sa rabuwa ta yi tsada, kamar barazana, gori, hana shi mu'amala da mutane, da aibata wadda ake zargi. Kashi na biyu yana iya tsare gangar jikin mutum na wani lokaci. A ganina mafi wauta a cikinsu shi ne tayar masa da kishi da gangan, ki ɗora hoto ko ki riƙa ambaton wani don ya ji haushi. Kin nuna masa ana wannan wasan a tsakaninku, kuma zai iya fin ki iyawa.

In abin ya motsa, kada ki yi magana, kada ki tura saƙo sai bayan minti ashirin zuwa talatin, bugun zuciya ya sauka. Ki ɗauki takarda ki raba ta biyu: abin da idona ya gani, da abin da na fassara. "Ya fita waje ya amsa kira sau uku a makon nan" gani ne. "Yana da wata" fassara ce. Da na farkon kaɗai za ki tunkare shi.

Ki zaɓi lokaci, ban da shigowarsa gida a gajiye, ban da tsakar dare, ban da gaban yara. Batu ɗaya tak, kada ki tono na bara. Ki faɗi abin da kika gani, yadda kika ji, da abin da kike nema: "Na lura kana fita in an kira ka da dare. Hankalina ba ya kwanciya. Ina so in san da wa kake magana." Kalmar "kullum" da "ba ka taɓa" ki bar su, don da ya tuno rana ɗaya da ba haka aka yi ba, magana ta koma kan wannan ranar. Daga nan ku shata iyaka a fili kan tsohuwar budurwa, hirar dare da abokan aiki, kuma dokar ta hau kanku duka biyu.

Kiran wadda kike zargi ki zazzage ta kuwa asara ce. Ba ita ta yi miki alkawari ba, kuma kin ba shi damar zama mai rarrashinta.

Wani lokaci zargin gaskiya ne. In kun yi magana, ki ba shi makonni kaɗan kina kallon aikinsa, rantsuwa ba ta da wuya. In ƙaryar ta maimaitu, babu kwalliya ko sa ido da zai gyara shi, shawara ta koma kan ko za ki iya zama a haka. In akwai alamar ya kusanci wata, ki je asibiti a yi miki gwajin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa kafin komai.

In kuma babu wata hujja amma barci ya ƙaurace miki, kina duba wayar sau da yawa a rana, ko tunanin illata shi, ko ita, ko kanki ya fara zuwa miki, wannan ya wuce kumallo. Ki ga likitan ƙwaƙwalwa, ana maganinsa.